Kwandala mai hoton direba: kuɗin kashewa ce ko kayan ajiya?

Wata ranar kasuwa a Dakoro, bayan an sauko daga sallar azahar, wani magidanci dillalin tumaki daga wajen Kornaka ya tare mu a bakin tashar mota. Ya sa hannu cikin aljihun gaba, ya ciro wani tsumma a ƙulle, ya kwance shi a hankali. Cikin tsumman akwai kwandala guda, fara fat, wadda ta fi dala ɗari tamu faɗi da nauyi. A fuska ɗaya an zana kan wani Bature da motar tsere. A ɗaya fuskar kuma akwai jirgin ruwa da itacen kwakwa da kurciya.

Ya ce wani matafiyi ne ya bar masa ita jingina, ya ɗauki rago, bisa alkawarin zai komo da kuɗi bayan sati biyu. Matafiyin ya rantse masa cewa azurfa ce tsantsa, kuma a ƙasar Turawa ana sayen irinta da kuɗin sa. Wata uku ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Magidancin nan ya yi karatun yaƙi da jahilci, saboda haka ba mu karanta masa kome ba. Shi da kansa ya bi haruffan da yatsa har ya haɗa LIBERIA, ya ga shekara 1992, ya ga lamba 1 da alamar dalar ƙasar, sannan ya haɗa sunan mutumin: NIGEL MANSELL. Da ya gama sai ya ɗaga kai ya ce: “To, wane sarki ne wannan a Laberiya?” Tambayarsa ce ta sa muka ga ya kamata mu yi wa jama'a bayani, domin irin waɗannan ƙarafa sun fara shigowa ƙauyukanmu cikin jakunkunan ƴan ci-rani da masu dawowa daga Libiya da bakin teku.

Ba sarki ba ne, direba ne

Nigel Mansell bai taɓa sarautar ko unguwa ɗaya a Laberiya ba. Mutumin Ingila ne, sana'arsa tuƙin motar tsere. Akwai wata babbar gasa ta duniya da ake kira Formula 1, wadda aka fara a shekarar 1950 a filin Silverstone na Ingila. Motocinta ƙanana ne, masu kujera ɗaya, suna kusa da ƙasa kamar kunkuru, amma suna wuce gudun kilomita 300 a awa guda. Da a ce hanya ta miƙe sumul, irin wannan mota za ta tashi daga Dakoro ta isa Maraɗi kafin rabin awa. Ana yin tseren a ƙasashe dabam-dabam cikin shekara, ana tara maki, wanda ya fi maki a ƙarshe shi ne zakaran duniya. A 1992 Mansell ya ci tsere 9 cikin 16 da motar kamfanin Williams, ya zama zakara.

A wannan shekarar ce wani kamfanin buga kwandaloli na Ingila mai suna Pobjoy ya fitar da jerin kwandaloli da sunan Jamhuriyar Laberiya, masu hotunan direbobin wannan gasa: Mansell, da Ayrton Senna na Brazil, da Riccardo Patrese na Italiya, da Gerhard Berger na Ostiriya, da wani saurayi Bajamushe, Michael Schumacher, wanda daga baya ya ci kambun duniya har sau 7. An buga wasu da farin ƙarfe, wato gamin tagulla da nikel, aka rubuta musu dala 1. An buga wasu da azurfa, wasu ƴan kaɗan da zinariya, aka rubuta musu daraja mafi girma.

Sai mai karatu ya tsaya ya duba. Laberiya ba ta da filin wannan gasa, ba ta da direba ko ɗaya a cikinta. Bugu da ƙari, a 1992 ƙasar tana tsakiyar yaƙin basasa wanda ya ɓarke tun Disamba 1989, mutane suna gudun neman tsira. A duk nahiyar Afirka, Maroko ce ta karɓi baƙuncin gasar sau ɗaya a 1958, sai Afirka ta Kudu wadda ta yi nata na ƙarshe a filin Kyalami a 1993. Ɗan Afirka guda ne ya taɓa zama zakara, Jody Scheckter na Afirka ta Kudu, a 1979. To me ya kawo hoton Mansell kan kuɗin Laberiya?

Ciniki ne ya kawo shi. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu sha'awar tara kwandaloli, kamar yadda wani a nan yake sha'awar tara tantabaru ko dawakai. Su waɗannan mutane sun fi son ƙarfen da ke ɗauke da sunan wata ƙasa da lambar daraja, domin shi ne suke kira kuɗi. Wanda ba shi da su lambar yabo ce kawai a wurinsu. Saboda haka kamfani yakan je wajen gwamnatin wata ƙasa, galibi ƙarama ko mai ƙaramin ƙarfi, ya nemi izinin aza sunanta da tambarinta, ya biya ta wani kaso. Kamfanin ne ke zaɓen hoton da zai ja hankalin masu saye, shi ke bugawa, shi ke sayarwa cikin ƴan akwatuna masu kyau, a farashin da ya ninka abin da aka rubuta a jiki. Yawancin irin waɗannan kwandaloli ba su taɓa taka ƙasar da suke ɗauke da sunanta ba. Mai sayar da shinkafa a kasuwar Monrobiya, in an miƙa masa ɗaya, zai jujjuya ta kamar yadda mutuminmu na Kornaka ya yi. Shi kansa kamfanin Pobjoy ya daina aiki a ƙarshen 2023.

Ba duka ne aka taru aka zama ɗaya ba. Ayrton Senna ya ci kambun duniya a 1988 da 1990 da 1991, ya rasu ranar 1 ga Mayu 1994 sa'ad da motarsa ta daki katanga a filin Imola na Italiya, yana da shekara 34. Brazil ta yi zaman makoki na kwana uku. A 1995 Babban Bankin ƙasar da kansa ya fitar da kwandalar azurfa da ta zinariya don tunawa da shi. Nan ƙasa ce ta karrama ɗanta da hannunta, kuma kowane ɗan Brazil ya san fuskar da ke jikin ƙarfen. A ganinmu wannan ita ce kwandalar tunawa ta gaskiya. Waccan ta Laberiya kuwa hayar suna ce.

Har da sunan Nijar

Kada wani ya ce abin na can nesa ne. A kasuwannin masu tara kwandaloli ana samun na zinariya da na azurfa masu ɗauke da shekarar 1960 da hoton shugaba Diori Hamani, waɗanda aka yi don tunawa da samun mulkin kai. A shekarun baya-bayan nan kuma kamfanonin waje sun fitar da wasu masu rubutun République du Niger da darajar tamma 1000, wato jikka guda. Cikinsu akwai wata ta 2012 da aka yi ta don nuna alƙibla. Da wuya a sami mutum ɗaya a gundumar Dakoro da ya taɓa riƙe ɗayansu.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe, musamman ma'aikatan gwamnati masu karɓar haraji da kuɗin kasuwa. Kuɗin da muke kashewa, tamma ta CFA, an ƙirƙiro shi ranar 26 ga Disamba 1945. A yau ƙasashe 8 ne ke tarayya a cikinsa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Bisa yarjejeniyar waɗannan ƙasashe, banki ɗaya tak ke da ikon fitar da takardun kuɗi da kwandaloli, shi ne BCEAO, mai hedkwata a Dakar, mai rassa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kwandalar kashewa sunan wannan banki ne a jikinta, tare da tambarinsa mai siffar kifi, wanda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Ba ta ɗauke da sunan ƙasa ɗaya, ba ta ɗauke da hoton shugaba, balle na direba. Duk ƙarfen da ya zo da wata siffa, ko da an rubuta sunan Nijar da manyan haruffa, kayan ajiya ne, kuma ba wanda zai tilasta wa mai kanti ya karɓe shi.

Lokacin da zakarun suka ratsa ƙasarmu

Ko da yake motocin Formula 1 ba su taɓa zuwa nan ba, ƙasarmu ta ga zakarun tsere ido da ido, kuma dattawan Agadas da Tawa da Yamai ba su manta ba. Ranar 26 ga Disamba 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya tayar da motoci da babura 182 daga birnin Paris, suka keta Aljeriya, suka shigo ta Arlit da Agadas, suka sauka Yamai, suka wuce Mali, har 74 daga cikinsu suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Wannan shi ne tseren Paris-Dakar na farko. Daga nan kusan kowace shekara, cikin sanyin hunturu, sai a ji rugugin injuna a arewa.

Hamadar Tenere ita ce ta ba tseren nan suna a duniya. A 1983 guguwar rairayi ta tashi, ƴan tsere wajen 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwanaki yana yawo cikin jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su. A shekarar ce Jacky Ickx na Beljiyam, wanda dā direban Formula 1 ne, ya zo na ɗaya. Sai dai Turawan nan ba su kaɗai suka san hanya ba: ƴan ƙasa ne suka nuna musu rijiyoyi da mashigai, kuma cikinsu sunan da ya fi fita shi ne Mano Dayak na Agadas, wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Sabine. Shi Sabine ya rasu ranar 14 ga Janairu 1986 sa'ad da jirginsa ya faɗi kusa da Gurma Rarus a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawarsa a gindin wani itace tilo cikin Tenere, wanda har yau ake kira da sunansa.

Akwai wani labari na wannan tsere da ya dace da zancenmu ƙwarai. A 1989 direbobi biyu na kamfanin Peugeot, Jacky Ickx da Ari Vatanen na ƙasar Finlan, suka yi wa sauran nisa tun daga Agadas zuwa Tawa zuwa Yamai, har ya zama su biyu ne kawai ke kokawa da juna. Shugabansu, Jean Todt, ya ji tsoron kada gasar da ke tsakaninsu ta sa su kifar da motocin duka biyu, kamfani ya tashi a tutar babu. Da aka isa Gawo sai ya ciro kwandalar tamma 10 ta Faransa, wadda a canjin wancan zamani daidai take da dala ɗari tamu, ya wurga ta sama. Ta faɗo ta gefen Vatanen. Aka umurci Ickx ya sassauta, Vatanen ya shiga Dakar a matsayin zakara. Jaridun Turai sun yi ta surutu a kan wannan hukunci. Mu dai abin da ya ba mu dariya shi ne, kwandalar da ta fi kowace tasiri a tarihin tseren motoci ba ta zinariya ba ce, ba ta da hoton kowane direba, canjin shan shayi ce daga aljihu.

Ba dariya ce kawai tseren ya bari ba. Motocin suna ratsa garuruwa da gudu, kuma an yi asarar rayukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 1988 an take wata yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali. Ba mu taɓa jin an buga wa ɗayansu kwandala ba. A 1997 aka yi tseren daga Dakar zuwa Agadas da komowa. A 2000 kuwa, saboda barazanar ƴan bindiga, aka kwashe motocin cikin manyan jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. An soke tseren gaba ɗaya a 2008, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun daga 2020, amma har yanzu yana amsa sunan Dakar.

Kakanninmu sun san awo

Riƙe kwandalar wata ƙasa don darajar ƙarfenta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, ban da wuri, fatake suna ciniki da wata babbar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kwandalar shekara da shekaru ba a canza wannan lamba ba, domin ƴan kasuwar Afirka da Larabawa ba su yarda da wata ba sai ita. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma cikin kashi 1000 na jikinta kashi 833 azurfa ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza ɗaya da wuri wajen 2500. Kalmar dala da muke faɗa kullum, wadda yau take nufin tamma 5, daga irin sunan waɗannan manyan azurfofi ta samo asali.

Har gobe idan mutum ya je bikin makiyaya a arewacin Dakoro, wajen Bermo ko kwarin Tarka, zai ga tsofaffin kwandaloli a kitson matan Fulani, zai ga zobba da mundaye waɗanda maƙeran fari suka narka daga gare su. Su mutanen dā ba su san wace ce Mariya Tereza ba, kuma bai dame su ba. Abin da suke dubawa shi ne nauyi, da ƙarar ƙarfen idan an buga shi a kan dutse, da shaidar maƙeri. Hoton da ke jiki ba ya ƙara wa azurfa ko ƙwayar gero. Mu da muka sami karatu muna da abin da ya fi nasu, domin masu bugawa sukan rubuta gaskiyar ƙarfen a jikinsa ko a takardar da ke rakiyarsa.

Wanda irin wannan kwandala ta faɗo hannunsa, ya fara neman sunan ƙasa da lambar daraja. In babu su, lambar ado ce kawai. Sannan ya nemi ƙananan lambobi a gefe: 999 ko 925 suna nuna yawan azurfa cikin kashi dubu, haruffan Ag suna nufin azurfa, Au kuma zinariya. In an rubuta 1 oz, ana nufin nauyin giram 31 da ɗigo ɗaya, kuma sikelin mai sayar da zinariya zai tabbatar ko ya ƙaryata. Kalmar Faransanci plaqué ma'anarta an shafa ruwan zinariya ko na azurfa ne a bisa wani ƙarfe mai araha. Mayen ƙarfe yana tona asirin baƙin ƙarfe, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, gama ba ya kama gamin tagulla da nikel kamar yadda ba ya kama azurfa. Hukunci na ƙarshe yana wajen maƙerin fari, wanda zai goga ta a dutsensa ya ɗiga mata ruwan gwaji. Kuma ko ta tabbata azurfa ce, kada a goge ta da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, domin masu tarawa suna rage kuɗin wadda aka kankare.

Sauran darajar, wadda ta wuce ta ƙarfe, tana ga mai sha'awa ne kaɗai. Bature mai ƙaunar Senna zai iya biyan kuɗi mai yawa don ya cike jerinsa. Amma wannan Bature ba ya zuwa kasuwar Sakabal, kuma mai riƙe da kwandala a ƙauye ba shi da hanyar isa gare shi. Saboda haka duk wanda za a ba irin wannan abu jingina, ya ƙiyasta shi da kuɗin ƙarfensa kawai, kuma a gaban shaidu.

Wani malamin makaranta da ke zaune tare da mu a tashar ya kawo wata magana da ba za mu bar ta ba. Ya ce in dai ƙarfe ne ake karrama jarumai da shi, ai ba mu rasa su ba: ga Issaka Dabore da ya kawo wa Nijar lambar tagulla ta dambe daga wasannin Olamfik na Munik a 1972, ga Kantu na Maraɗi da ya fara ɗaukar takobin kokowa a Tawa a 1975, ga Abdul Razak Alfaga da ya ci azurfa a Riyo a 2016. Waɗannan fuskoki ne da yaro a Dakoro zai gane ko ya ji labarinsu a bakin ubansa. Mun yarda da shi, ko da yake mun tuna masa cewa wannan shawara ce ta magabata da bankin ƙasashe takwas, ba ta kamfanin da ke neman riba a waje ba.

Shi kuwa dillalinmu, mun raka shi rumfar wani maƙerin fari a cikin kasuwa. Maƙerin ya aza kwandalar a sikeli, ya goga gefenta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwa, ya jira kaɗan. Sai ya girgiza kai ya ce farin ƙarfe ne, ba azurfa ko ɗigo. Ya ce in mai ita yana so, zai huda ta ya sa mata zobe a rataya makulli. Dillalin ya yi shiru, ya sake bin haruffan da yatsa, ya ce a bar masa ita yadda take. Ya ce zai kai ta ajin yaƙi da jahilci na ƙauyensu, a aza ta kusa da dala ɗari ta BCEAO, kowane ɗalibi ya karanta abin da ke jikin kowacce da bakinsa. Batun rago kuma ya kai shi gaban mai gari.